Wai meye "haikin" ɗin nan da matasa ke ta yi?

Kwanan nan in ka buɗe Instagram ko WhatsApp za ka ga yaran Legas da jaka a baya, gorar ruwa a hannu, sun rubuta wai sun tafi haikin. Mutanenmu na Agege da Idi-Araba da yawa sun ɗauka irin tirekin ɗin nan ne da muke yi in gosulo ya riƙe danfo ko kuɗin mota ya ƙare. To ba shi ba ne. Haikin tafiyar ƙasa ce da mutum ke yi da gangan, don motsa jiki da ganin halittar Allah, a daji ko kan dutse ko gefen teku, bisa hanyar da aka riga aka sani, wani wurin ma an shafa fenti a jikin bishiya ko dutse don kar a ɓata. Na yini ɗaya kuma shine ka fita da sassafe ka dawo kafin magariba, ba kwana, ba tanti, ba igiyar hawan dutse.

Ni dai a ganina inda abin ya fi daɗi shine tsibirai na ƙasashen zafi, saboda da yawansu aman wuta ne ya samar da su, sai ka ga tsakiyar tsibirin duk tsauni ne, ka taso daga bakin ruwa kana zufa, bayan awa biyu uku kana cikin hazo kana neman rigar sanyi. Ba ma sai an je nesa ba, ga Sao Tome nan kudu da mu a cikin teku. Akwai gandun daji na Obo da aka kafa a 2006, ana tashi daga lambun Bom Sucesso a bi ta gonaki a shiga daji har a kai Lagoa Amelia, tsohon bakin aman wuta ne da ciyawa ta rufe, in ka taka sai ƙasan ya dinga lotsawa kaman katifa don ruwa ne a ƙarƙashi. Wannan tafiyar yini ce, ka je ka dawo ka ci abincin dare a masauki. Amma tsaunin Pico de Sao Tome mai tsayin mita 2,024 galibi kwana ake yi a hanya, shi ya fita daga wannan lissafin.

Wanda ya fi taɓa min zuciya kuwa Le Morne ne a tsibirin Morishiyos da ke tekun Indiya, dutse mai mita 556 a kudu maso yammacin tsibirin. Bayin da suka gudo daga hannun masu gonakin rake a nan suka dinga ɓuya a kogunansa, shi ya sa UNESCO, hukumar ilimi da al'adu ta Majalisar Ɗinkin Duniya, ta sa shi cikin wuraren tarihi na duniya a 2008. Ana ba da labarin cewa da aka hana bauta a 1835 aka tura jami'ai su sanar da su, su kuma suka zaci kamo su aka zo yi, wasu suka faɗo daga saman. Wallahi wanda ya san wannan ba zai hau wurin yana ihu da sifika ba. Farkon hanyar da sauƙi, ƙarshen kuma sai an sa hannu an dafa dutse, don haka a ɗauki ɗan jagora.

Abin da ke ba mutane wahala ba nisan ba ne, zafin nan ne mai danshi irin namu na Legas wanda zufa ba ta bushewa. Shi ya sa ana idar da asuba ake kama hanya. Ruwan sama kan sauko ba sallama ya mai da hanya santsi, silifas ba za ta yi ba, kambas mai ƙwarin ƙasa ake so. Kuma kusa da ikwaita, wato layin da ya raba duniya kudu da arewa, duhu ba ya jira, wajen ƙarfe shida rana ta faɗi shikenan. A ƙara gorar ruwa ɗaya saboda alwala, a duba alƙibla tun a ƙasa don a sama sabis kan ɗauke. 'Yan uwa mata, dogon wando a ciki da hijabi mara jan ƙasa ya fi, ƙaya da laka ba sa barin doguwar riga.

Wanda ke so ya ɗanɗana kafin ya sayi tikiti ya je Lekki Conservation Centre, wurin kare daji da dabbobi a nan Legas, babu tudu kam, amma akwai gadar nan ta saman bishiyoyi mai mita 401, za ka gane ko ƙafarka da zuciyarka za su iya. A dai riƙe leda da kyau, birran wurin suna fizge abinci a hannu.