Neman gida a unguwar masu hali don makarantar yara a Amurka: tambayoyinku da amsoshina

Shekarata goma sha tara a gefen birnin Houston na jihar Texas. Yara uku na saka a makarantar gwamnati a nan, biyu sun gama, auta tana aji 9. Da zarar watan Mayu ya kama wayata ba ta hutawa: wanda ya samu aiki a asibiti, wadda miji ya ɗauko daga Kaduna, wanda ya gaji da haya yana son sayen gida kafin a koma makaranta a Agusta. Tambayoyin ba sa canjawa, ni kuma bakina ya gaji. Ga su nan na tattara. Duk wanda ya kira ni a kan abin da ke ciki, wannan rubutun zan tura masa.

Anti, da gaske makarantar gwamnati kyauta ce?

Kyauta ce, daga ajin share fage har aji 12. Kuɗin yana fitowa ne ta haraji.

Ni a Kano ban taɓa kai ɗana makarantar gwamnati ba. Ba gara ta kuɗi ba?

Alhaji, ka sauke wannan tunanin a filin jirgi. A nan likita da injiniya da mai kamfani, akasarinsu makarantar gwamnati suke kai 'ya'yansu. Gasar da muke yi a gida wajen biyan kuɗin zangon karatu, su a nan wajen sayen gida suke yin ta.

To me ya haɗa gida da makaranta?

Komai. A Abuja kana zaune Kubwa ka ɗauki yaro ka kai shi duk makarantar da aljihunka ya iya. A nan an yanka ƙasa gunduma-gunduma ta makarantu, kowace gunduma ta sake ja wa kowace makaranta layinta. Inda ƙofar gidanka ta faɗa, nan ɗanka zai je. Babban kaso na kuɗin makarantu kuma daga harajin gidajen yankin yake fitowa, jiha ta kawo nata, gwamnatin tarayya ta ɗan yayyafa abin da yawanci bai wuce kashi 10 cikin 100 ba. Iyaye talakawa na San Antonio sun kai ƙarar wannan tsari har Kotun Ƙoli, a 1973 kotun ta ce bai saɓa wa tsarin mulkin tarayya ba. Shi ya sa gida iri ɗaya, ɗaki huɗu, bulo iri ɗaya, na wannan gefen titi ya fi na wancan gefen tsada.

Adireshin gidan ya ce Katy. Ke nan gundumar Katy ce?

A'a. Sunan gari na gidan waya ne, layin makaranta daban. Akwai gidajen da adireshinsu Katy amma yaransu na gundumar Lamar ne ko ta Cypress-Fairbanks. Haka Sugar Land, wani ɓangaren Fort Bend, wani Lamar. Ka shiga shafin gundumar da kanta, ka rubuta lambar gidan, ka ga firamare da ƙaramar sakandare da babbar sakandare, duka ukun. Kada ka dogara da abin da ke jikin tallar gidan. Na san iyalin da sai bayan sun sauke kaya suka gano.

Yayata tana zaune a unguwa mai kyau. In sa adireshinta?

Kul. A 2011 wata uwa a Akron ta jihar Ohio ta kwana gidan yari saboda ta yi wa 'ya'yanta mata biyu rajista da adireshin mahaifinta. Ita 'yar ƙasa ce. Ke da kike jiran takardun zama, me ya kai ki? Kuma yaron da kika koya wa ya faɗi adireshin ƙarya gaban malamarsa, da wane baki za ki hana shi ƙarya gobe?

Dole sai na sayi gidan?

Ba dole. Ɗan mai haya da ɗan mai gida kujera ɗaya suke zama. Takardar haya da ta wuta ko ruwa mai sunanka ita ake nema.

Na ga makaranta mai maki 10 a Zillow, shafin tallar gidaje. Na gama bincike ko?

Ba ka ma fara ba. Makin na GreatSchools ne, wata ƙungiya mai auna makarantu, daga 1 zuwa 10, kuma sakamakon jarrabawar jiha yana da nauyi sosai a ciki. Sakamakon jarrabawa kuwa yana bin arzikin iyaye da karatunsu kamar inuwa. Wannan ba sabon zance ba ne, tun 1966 rahoton masanin zamantakewa James Coleman ya nuna cewa gidan da yaro ya fito ya fi kayan makaranta tasiri a kan abin da yake ci. Yaron da uwarsa farfesa ce, aka ɗaukar masa malamin darasi bayan an tashi, ko a ina ka ajiye shi zai ci. Sai makaranta ta karɓi yabon.

Abin da za ka nema shi ne nisan da yara suka ci gaba daga bara zuwa bana. A 2017 Sean Reardon na jami'ar Stanford ya gano cewa yaran makarantun gwamnati na Chicago, waɗanda mutane ke wa kallon banza, sun yi karatun kusan shekara shida cikin shekara biyar, tsakanin aji 3 da aji 8. Rahoton da hukumar ilimi ta jiha ke fitarwa kan kowace makaranta yana rarraba sakamako: baƙar fata nawa suka ci, masu koyon Turanci nawa, 'ya'yan marasa ƙarfi nawa. Layin da ɗanka zai faɗa ciki shi za ka duba. Makarantar da ta yi fice gaba ɗaya amma baƙaƙen yaranta suna can ƙasa, kallon kitse kake wa rogo.

Anti, kuɗinmu zai sayi ɗan ƙaramin gida a gundumar da kowa ke yabo, ko babba mai fili a wadda take tsaka-tsaki. Wanne?

Wannan ita ce tambayar da ba na iya amsawa a tsaye, don haka ki zauna, ƙanwata. Ni kaina na yi duka biyun, kuma ko yau ba zan rantse miki cewa ɗaya ya fi ga kowa ba.

Fara da lissafi, na gaskiya, ba wanda banki ya yi miki ba. Banki zai ce kin isa ki ci bashin kaza, amma bai san akwai Inna a Zariya da ake tura wa kuɗin magani duk wata ba, bai san kuɗin jirgin mutum biyar zuwa gida ba. Texas ba ta karɓar harajin albashi na jiha, sai ta huce a kan gidaje. A sababbin unguwanni ana ƙara wani harajin na ruwa da magudana da titunan da aka shimfiɗa da bashi, ga kuɗin ƙungiyar masu gidajen unguwa. A ce gidan dala 400,000 ne, jimlar harajin kashi 3 cikin 100, kin ga dala 12,000 a shekara, wato 1,000 duk wata, kafin ki taɓa uwar bashin, kafin inshora. Kuma wannan ba ya ƙarewa ranar da auta ta gama makaranta. In kuna gudun riba za ku bi ta kamfanonin da ke sayar da gida bisa tsarin Musulunci, nan ma ki nemi lissafin ƙarshe a rubuce.

In lissafin nan zai sa maigida ya ƙara aikin dare, ke ma ki ƙara kwana a asibiti, to ni dai a ganina kun sayar da abin da ya fi makarantar daraja. Na ga gidajen da aka shiga unguwar da ake mafarki, yaro ya dawo ƙarfe uku ba kowa, ba mai duba aikin gida, ba mai zuwa taron iyaye da malamai, sai waya. Maki 10 ba ya renon yaro.

Amma kada in yi miki rufa-rufa, akwai abin da kuɗin ke saya. A gundumomi masu ƙarfi malamai sun fi daɗewa, darussan share fagen jami'a da ake kira AP sun fi yawa, iyaye suna tara wa makaranta gudummawa mai kauri, kuma yaro yana tashi cikin abokan da zuwa jami'a a wurinsu ba abin tattaunawa ba ne. Wannan na ƙarshe ba ƙaramin abu ba ne, musamman ga namiji ɗan shekara goma sha huɗu. Gidan ma yakan riƙe darajarsa ranar sayarwa. In ɗanki yana da lalura ta musamman, jinkirin magana ko wahalar karatu, to ki manta da maki kwata-kwata, ki nemi iyayen da 'ya'yansu ke karɓar irin wannan taimako a makarantar ki ji daga bakinsu. Doka ta wajabta wa kowace gunduma ba da wannan taimako, amma yadda ake aiwatarwa ya bambanta ƙwarai.

Sai wani abin da mutanenmu ba su cika sani ba. Tun 1997 Texas tana da dokar da ke ba wa wanda ya fito cikin kashi 10 na saman waɗanda suka gama sakandarensa tare da shi gurbi kai tsaye a jami'o'in jiha, ita babbar jami'ar da ke birnin Austin ma ta matse nata kason ƙasa da haka. Yarinyar da za ta zo ta sama a makaranta tsaka-tsaki tana iya nutsewa tsakiya a inda kowa ke da malamin darasi uku. Ba na ce ki kai ta inda ba a karatu ba. Na ce ki san da wannan kafin ki sa hannu.

Kuma ki tambayi kanki wa yaron zai gani a aji. Babbar 'yata ta yi shekara biyu ita kaɗai ce baƙar fata mai ɗankwali a ajinsu. Sakamakonta lafiya lau, amma ta daina magana a gida, ta fara jin kunyar in zo ɗaukar ta da atamfa. Da muka koma inda akwai 'yan Najeriya da 'yan Pakistan da Larabawa, masallaci da Islamiyyar Asabar da Lahadi minti goma, sai yarinyata ta dawo. Wani yaron kuma ko a jikinsa, ƙanenta bai taɓa damuwa ba. Ke kika san naki.

In kin matsa sai na zaɓa: ku kama haya shekara ɗaya a gundumar da ranku ke so, ku ga yadda yaran suke, ku ga yadda aljihu yake, sannan ku saya. In yaran ba su kai shekara biyar ba ma, gaggawar me ake yi? In kuma babban ya shiga aji 10 yana jin daɗin inda yake, ni ba zan tumɓuke shi ba ko gidan kyauta ne. Wata za ta gaya miki akasin haka, kuma mai yiwuwa ita ma tana da gaskiya a kan nata 'ya'yan.

Dillalin ya ƙi gaya min ko makarantar tana da kyau. Yana ɓoye wani abu ne?

Doka yake tsoro. Dokar hana wariya a harkar gidaje ta 1968 ta hana a karkata mai saye zuwa wata unguwa saboda launi ko addini ko asali, shi ya sa da yawansu ba sa sa baki. Ka kira makarantar ka nemi a zagaya da kai, ka tsaya bakin ƙofa lokacin tashi. Gani ya kori ji.

Takardunmu ba su kammala ba. Za a karɓi yaran?

Za a karɓa, ki kwantar da hankalinki. Kotun Ƙoli ta yanke tun 1982 cewa ba a hana yaro makarantar gwamnati saboda matsayin takardunsa. Ki tanadi shaidar haihuwa, katin rigakafi da shaidar adireshi.

A fom an tambayi harshen da ake yi a gida. In rubuta Hausa?

Rubuta gaskiya. Za a gwada Turancinsa, in ya iya shi ke nan, in yana buƙatar taimako a ba shi. Kuma don Allah ku daina hana yara Hausa a gida wai don Turanci ya zauna. Turanci zai zauna ko kun so ko kun ƙi. Hausar ce ke guduwa, sai ranar da kaka ta kira a waya a rasa mai gaishe ta.

Ana ba da hutun Sallah?

Ya danganta da gunduma. Birnin New York ya sa Sallah ƙarama da babba cikin ranakun hutu tun 2015. Inda ba a bayarwa, ka rubuta wa makaranta takarda, ana karɓar uzurin addini.

Na saya saboda makaranta, yanzu an ce za a canja layi. Suna da wannan ikon?

Suna da shi, ƙanena. Gidan ka saya, layin na hukumar makarantu ne. A 2019 gundumar Howard ta jihar Maryland, wadda mutane ke tururuwa saboda makarantunta, ta sauya wa yara sama da 5,000 makaranta duk da zanga-zangar iyaye. A unguwannin da ake ta gini kuwa, kamar yammacin Houston, duk sabuwar makarantar da aka buɗe sai an sake zana layi. Kafin ka saya, duba ko makarantar ta cika ta batse da azuzuwan wucin gadi a bayanta, ka duba ko ana gina wata kusa. In gidan yana bakin layi, ka sa a ranka kowane gefe kana iya faɗawa, ka je ka ga ɗaya makarantar ma.

Tunda kuma ka riga ka saya, hukumar tana zama a bainar jama'a, ana sa ranar a shafinta, kowane mazauni yana iya rubuta sunansa ya yi magana na 'yan mintoci. Na sha zuwa. Indiyawa suna cika layi biyu, 'yan China suna zuwa da takardu a hannu, namu kuwa sai an gama yanke hukunci a kira ni ana salati. Zama na gaba ka ɗauki maman yara ku je, ku zauna a gaba.