Ma'anar "jiga-jigai" da inda ake sa ta

Da wuya ka saurari labarun Rediyon Tarayya Kaduna a lokacin siyasa ba ka ji an ce "jiga-jigan jam'iyya sun gana" ba. Tilon kalmar shi ne jigo, kuma daga lambu ta fito. Jigo doguwar sanda ce da ake ɗorawa a kan gwafa a bakin rijiya ko rafi. Ana ɗaure guga a ƙarshenta ɗaya, a liƙa curin laka ko dutse a ɗayan. Mai ban-ruwa ya danna gugan cikin ruwa, nauyin curin ya ɗago masa shi cike. Injin ban-ruwa ya kusa shafe wannan dabara a fadamun Kogin Kaduna, sai sunan da ya rage a bakin 'yan jarida.

Don haka jigo shi ne wanda nauyin tafiya yake kansa. Kalmar tana son a faɗi tafiyar: jiga-jigan jam'iyya, jiga-jigan 'yan babbar kasuwar Kaduna ta Sheikh Gumi, jiga-jigan ƙungiyar tuntuɓa ta Arewa, ACF, wadda aka kafa a Kaduna a 2000. Dukiya kaɗai ba ta mai da mutum jigo. Attajiri a Unguwar Rimi da babu ruwansa da kowace ƙungiya, attajiri ne kawai.

An fi rikita ta da ƙusoshi. Ƙusa yana da kujera, shi ya sa ake cewa ƙusoshin gwamnati, wato kwamishinoni da manyan sakatarori masu shiga da fita a Gidan Sir Kashim Ibrahim, fadar gwamnatin jihar Kaduna. Ranar da aka sauke shi, ya tashi daga ƙusa. Jigo kuwa yana iya shekara ashirin ba muƙami, amma ba a tsayar da ɗan takara sai an je falonsa an zauna.

Akwai kuma gaggan, wadda ba ta zaɓe: gaggan malamai, gaggan ɓarayi. Jiga-jigai tana ɗauke da girmamawa, saboda haka "jiga-jigan ɓarayi" ba ta zauna a kunne, sai dai in ba'a ake yi.

Ɗaliban Hausa su kula da jam'i. Jigon waƙa ko na littafi, wato babban saƙonsa, jam'insa jigogi ne. Wanda ya rubuta "jiga-jigan littafin" a jarrabawa, taurarin labarin mai dubawa zai zaci yake nufi.