Hana bulala a makarantun Legas ba sakin yaro ba ne

Tun da gwamnatin Jihar Legas ta hana dukan ɗalibai, iyaye a Agege da Idi-Araba ke ta tambaya: in an ajiye bulala, da me za a tanƙwara yaro? Da sulhu, irin wanda dattawanmu ke yi a zaure, sai dai wannan karon a makaranta.

A ce ɗan aji huɗu na sakandare ya fasa wa abokin karatunsa tabarau cikin faɗa. A da, sai a zane shi a gaban ɗalibai, ko a kore shi na mako biyu ya je yana gararamba a tasha. Mai tabarau kuwa yana nan yana ƙanƙance ido don ya ga allo, ba wanda ya tuna da shi. A zaman sulhu shi ne ke fara magana, gaban malamin ba da shawara da iyayen ɓangarorin biyu. Zai faɗi yadda ya kasa kwafar darasi, da yadda mahaifiyarsa ta yi adashe kafin ta saya masa. Mai laifin zai ji da kunnensa, ya amsa da bakinsa, sannan a rubuta abin da zai yi: ya biya daga kuɗin kashewarsa na makaranta, ya kwafa wa ɗan'uwansa darasin da ya wuce shi. Wallahi wannan zaman ya fi bulala goma nauyi, don zafin duka kafin a tashi ya huce.

Abin yana da gindi a doka. Dokar Kare Haƙƙin Yara ta Jihar Legas, ta 2007, ta ɗauki duk wanda bai kai shekara 18 ba a matsayin yaro, ta kuma sa maslaharsa a gaba. Ko magana ta kai ga 'yan sanda, in ƙaramin laifi ne ana iya kashe ta ta hanyar sasantawa da biyan diyya, ba sai an shiga Kotun Iyali ba.

Amma ba a tilasta wa wanda aka cuta ya yafe, kuma fyaɗe ko sara da wuƙa ba abin rufewa ba ne da sunan "a bar wa Allah". Wannan na hukuma ne.

In makaranta ta kira ka, Alhaji, ka bar wa yaron shago rumfarka ta kasuwar Mile 12 na awa guda ka je da kanka. Kada ka aiki yayan ɗalibin.