Tashoshin Jiragen Ruwa da Tashoshin Tsandauri a Afirka ta Yamma

Tashar jiragen ruwa wuri ne a bakin teku ko babban kogi inda jirage ke tsayawa su sauke kaya su yi lodin wasu. Tashar tsandauri kuwa, wadda wasu ke kira tashar kan tudu, fili ne can cikin ƙasa, nesa da ruwa, da doka ta ba shi matsayin tashar teku. Akwai jami'an kwastam a cikinta, da rumbunan ajiya, da injinan ɗaga kwantena, kuma ɗan kasuwa na iya biyan kuɗin fito ya karɓi kayansa a nan ba tare da ya taka Legas ko Kwatano ba. Kimanin kashi 80 cikin 100 na nauyin kayan da ƙasashen duniya ke sayar wa juna ta teku suke bi. Saboda haka garuruwa irin su Kano da Maraɗi da Yamai, duk da nisansu da teku, farashin kasuwanninsu a ɗaure yake da abin da ke faruwa a bakin ruwa da kuma kan hanyar da ta haɗa su da shi.

Yadda ciniki ya juya kudu

Ɗaruruwan shekaru fataucin nesa na ƙasar Hausa ya fi fuskantar arewa. Ayarin raƙuma kan tashi daga Kano ya bi ta Damagaram da Agadas har Tarabulus, wasu fatake kuma su nufi Gwanja neman goro. Layin dogo ne ya sauya alƙiblar. A 1911 jirgin ƙasa ya iso Kano daga Baro, wata ƙaramar tasha a bakin kogin Kwara, kuma ba da jimawa ba aka haɗa layin da na Legas. Abin da raƙumi ke kaiwa bakin teku cikin watanni sai ga tarago yana kai shi cikin kwanaki. Gyaɗa da auduga da fatu da ƙiraga suka kama hanyar kudu, kuma dalar gyaɗar da aka san Kano da ita ba komai ba ce illa buhunan da ke jiran layinsu na hawa jirgi zuwa tashar jiragen ruwa ta Apapa da ke Legas. Wato tun kafin a san kalmar tashar tsandauri, Kano tana yin aikinta.

Sauyi na biyu daga Amurka ya zo. A watan Afrilun 1956 wani mai harkar manyan motoci, Malcom McLean, ya ɗora akwatunan ƙarfe 58 a jirgin ruwa daga Newark zuwa Houston. Daga nan kwantena ta bazu a duniya, mai tsawon ƙafa 20 da mai ƙafa 40. Amfaninta shi ne ana rufe ta a masana'anta a buga mata hatimi, ta hau jirgin ruwa, ta sauka kan tirela ko tarago, ba wanda ya taɓa abin da ke ciki. Tunda ba dole ba ne a buɗe ta a bakin teku, ana iya buɗe ta a ko'ina hukuma ta yarda. A kan wannan ne aka gina tunanin tashar tsandauri.

Manyan ƙofofin teku

A Najeriya, Apapa ce uwa. Tashar Tin Can da ke maƙwabtaka da ita an buɗe ta a 1977, bayan cunkoson siminti na 1975, lokacin da gwamnati ta yi odar siminti fiye da abin da Apapa ke iya saukewa, ɗaruruwan jirage suka yi cirko-cirko a teku wata da watanni ana biyan su kuɗin jira. A 2006 aka miƙa wa kamfanoni masu zaman kansu aikin lodi da saukewa, Hukumar Tashoshin Jiragen Ruwa ta koma mai gida mai karɓar haya. A Janairun 2023 aka ƙaddamar da tashar Lekki mai zurfin kusan mita 16 da rabi. Zurfi ba abin ado ba ne a wannan sana'a: babban jirgi yana ɗaukar kwantena dubbai a tafiya ɗaya, kuɗin dakon kowace ɗaya ya ragu, amma ba ya shiga inda ruwa bai kai ba. Da wannan ne Lome ta Togo ta yi fice, har ta zama wurin da manyan jirage ke sauke kaya ƙanana su rarraba wa sauran tashoshin yankin. Tema ta Ghana da Abijan ta Kwaddibuwa su ma sun faɗaɗa nasu, duk suna zawarcin kayan ƙasashen Sahel.

Ƙasashen Afirka 16 ne ba su da gaɓar teku, cikinsu har da Nijar da Chadi da Mali da Burkina Faso. Yarjejeniyar Majalisar Ɗinkin Duniya kan dokar teku ta 1982 ta ba irin waɗannan ƙasashe 'yancin bi ta ƙasar maƙwabta su kai ga ruwa. Chadi ta dogara da Duwala ta Kamaru: kaya su hau jirgin ƙasa zuwa Ngaundere, inda layin ya tsaya tun 1974, daga nan motoci su ɗauka ta Garwa da Marwa zuwa Kusiri, su tsallaka Njamena.

Nijar da hanyar Kwatano

Misalin Nijar ya fi kowanne nuna ƙarfin hanya da kuma rauninta. Tun bayan samun 'yancin kai har zuwa 2023 Kwatano ta ƙasar Benin ce babbar ƙofarta, tazarar kusan kilomita 1,000 daga Yamai. A lokacin ana bin layin dogo ko titi zuwa Paraku, sannan mota ta ci gaba har Malanbil, ta haye gadar kogin Kwara ta shiga Gaya. Ta nan shinkafa da man girki da magunguna da motocin gwanjo ke shigowa, ta nan kuma yuraniyom ɗin Arlit ke fita. Wani kaso na kayan da aka rubuta Nijar za su je, a Maraɗi ko Birnin Ƙonni suke juyawa su gangaro Najeriya, wasu ta ƙofa wasu ta ɓarauniyar hanya. Yawan wannan fasa-ƙwauri, musamman na shinkafa, shi ne dalilin da Najeriya ta bayar na rufe iyakokinta na tudu daga Agustan 2019 zuwa Disamban 2020.

Bayan juyin mulkin 26 ga Yulin 2023 ƙungiyar ECOWAS ta ƙaƙaba wa Nijar takunkumi, aka toshe gadar Malanbil. Manyan motoci suka yi jerin gwano na kilomitoci a gefen titi, direbobi da yaran mota suna kwana ƙarƙashin tirela suna girki a murhun duwatsu, kayan gwari suna ruɓewa cikin tamfol. A bakin kogi kuwa masu kwalekwale suka samu kasuwa, ana sauke buhu daga mota a ɗora wa 'yan dako, a tsallaka da shi, a sake lodi a ɗaya gefen, kowane hannu da ladansa. Ko da aka ɗage takunkumin a Fabrairun 2024, Nijar ba ta buɗe nata ɓangaren ba saboda saɓaninta da Benin. Kaya suka koma Lome, suna ratsa Burkina Faso cikin ayari da rakiyar sojoji, hanya mai tsawo da haɗari. Tashar Kwatano tana nan lafiya lau da ƙugiyoyinta, amma buhun shinkafa ya yi tsada a Yamai.

Tashoshin tsandauri a arewacin Najeriya

A 2006 gwamnatin tarayya ta amince da gina tashoshi shida ƙarƙashin kulawar Majalisar Masu Safarar Kaya ta Ruwa: a Ibadan, da Isiala Ngwa ta jihar Abiya, da Heipang kusa da Jos, da Zawaciki a Kano, da Funtuwa, da Maiduguri. 'Yan kasuwa ne za su gina da kuɗinsu, su gudanar na wasu shekaru, sannan su miƙa wa gwamnati. Aikin ya yi tafiyar hawainiya. Wadda ta riga fara aiki ma ba ta cikin shidan: tashar Kaduna ce da ke Kakuri, wadda Shugaba Muhammadu Buhari ya ƙaddamar a Janairun 2018. Ta Dala da ke Zawaciki sai Janairun 2023, ta Funtuwa kuma a 2024.

Abin da ya bambanta su da rumbun ajiya na gama-gari shi ne matsayin da doka ta ba su na mafari da ƙarshen tafiyar kaya. Ɗan kasuwar Kantin Kwari da ya sayi yadi a Chaina yana iya sa a rubuta Kano a takardar lodi a maimakon Legas. Kwantenar za ta sauka Apapa, ta wuce da hatiminta, sai a Zawaciki jami'in kwastam zai yanke shi a gaban mai kaya ko wakilinsa, a duba, a biya, a fita. An rage masa zaman otal a Legas, da kuɗin ajiya da ke hauhawa kullum kwantena ta kwana a tasha, da kuma hannayen da ake miƙowa a kowane shinge.

Amfanin ya fi girma ta fuskar fitar da kaya. Riɗi da zoɓo da ƙaro da waken soya da ke taruwa a kasuwar Dawanau, da cittar kudancin Kaduna, da fatun da ake jemewa a Challawa da Sharaɗa, duk kayan waje ne. Zoɓon Jigawa da Kano har Meziko yake zuwa. Idan aka tace su, aka auna, aka yi musu feshi, aka cika takardu a wuri ɗaya kusa da gona, sai aikin tacewar da ɗinkin buhun da dakon su tsaya a garin. Akwai kuma lissafin da mai kallo daga nesa ba ya gani: kwantenar da ta kawo yadi Kano dole ta koma bakin teku. In ta koma wayam, mai yadi ne ya biya zuwa da dawowa. In ta koma cike da riɗi, an raba kuɗin hanya biyu.

Inda gizo ke saƙa

Tashar tsandauri da jirgin ƙasa aka tsara ta, domin jirgi ɗaya yana jan abin da tireloli da dama za su ɗauka. Tsohon layin Legas zuwa Kano, mai tsawon fiye da kilomita 1,100, siriri ne, ya tsufa, kuma ambaliya takan yanke shi. Sabon layi mai faɗi daga Legas ya tsaya a Ibadan tun 2021. Saboda haka yawancin kwantenonin arewa har yanzu a bayan tirela suke zuwa, suna shan ramuka da tsadar gas. A Apapa ma sai da aka fito da tsarin kiran motoci ta intanet mai suna Eto a Fabrairun 2021, bayan shekarun da tirela kan yi makonni a layi kafin ta shiga tasha. Tashar kogi ta Baro, wadda aka ƙaddamar a 2019, misali ce ta ginin da ya riga hanyarsa zuwa: an gama ta, amma rashin ingantaccen titi da rashin yashe kogi sun hana ta motsi. Wani ƙorafin 'yan kasuwa shi ne a duba kwantena a Legas, a tare ta a hanya, a sake duba ta a tudu, alhali dalilin gina tashar shi ne a duba sau ɗaya.

Habasha ta nuna yadda abin ke kasancewa idan sassan suka haɗu. Tun da Eritiriya ta ɓalle a 1993 Habasha ta rasa gaɓar teku, kuma fiye da kashi 90 cikin 100 na kayanta ta Jibuti suke bi. Tashar tsandauri ta Mojo, kudu da Addis Ababa, tana kan layin dogo mai aiki da lantarki wanda ya fara jigilar kasuwanci a 2018, kuma a nan ake fiton mafi yawan kwantenonin ƙasar.

Layin Kano zuwa Maraɗi

A Fabrairun 2021 aka aza harsashin layin dogo daga Kano zuwa Maraɗi, mai tsawon kusan kilomita 284, wanda kamfanin Mota-Engil na Fotugal ke ginawa. Zai bi ta Kazaure da Daura da Katsina da Jibiya, da reshe zuwa Dutse. Manufarsa ita ce jawo kayan Nijar su riƙa bi ta Legas a maimakon Kwatano da Lome, a daidai lokacin da yarjejeniyar ciniki maras shinge ta Afirka, wadda aka fara ciniki a ƙarƙashinta ranar 1 ga Janairun 2021, ke neman rage haraji tsakanin ƙasashen nahiyar. Masu suka sun ce an sa kuɗi a layin da ya ƙetare iyaka alhali na cikin gida bai kammala ba. Masu goyon baya suna nuni da cewa cinikin Kano da Katsina da Maraɗi ya girmi iyakar kanta. Kafin kwantena ta iya tashi daga Apapa ta isa Maraɗi a kan faffaɗan layi ɗaya, sai an gama ɓangaren Kaduna zuwa Kano, wanda aka fara a 2021, da kuma na Ibadan zuwa Abuja.