Waiwaye: Tarihin Siffar Wutar Lahira a Littattafan Kirista da na Musulmi

Malamin da ke tafsirin azumi a cikin birnin Katsina da faston da ke wa'azin Lahadi a Malumfashi ko Ƙafur, da abu ɗaya suke jan kunnen jama'a, wato wuta. Shi ya sa wasu ke ɗauka siffarta ɗaya ce a littattafan biyu, wasu kuma su yi ta gardamar wa ya kwaikwayi wa. A wurin mai imani, asalin labarin wahayi ne, kuma Musulmi ba ya mamakin kamanni da littattafan da suka gabata, tunda Allah ɗaya ne ya aiko annabawa. Aikin masu tarihi daban ne: duba wane rubutu ya riga wane, da inda kowace siffa ta fara bayyana.

A mafi yawan Tsohon Alkawari babu gidan azaba. Abin da ke akwai shi ne Shiyol, da aka ambata kusan sau 65, wuri mai duhu a ƙarƙashin ƙasa inda kowa ke zuwa, nagari da mugu. Da aka kawo wa Yakubu rigar Yusufu da jini, cewa ya yi zai gangara can wurin ɗansa yana makoki (Farawa 37:35), kuma ba wanda zai ce annabi yana nufin wuta. Mutanen Babila ma haka suka ɗauki lahira, ƙasar da ba a dawowa, inda ƙura ce abinci. Misrawan dauri sun yi maganar auna zuciyar mamaci a sikeli, amma wanda ya faɗi, wata dabba ce ke haɗiye zuciyarsa ya ƙare ke nan.

Sunan wutar kuwa daga wani kwari na zahiri ya fito, Kwarin Hinnom, kudu da tsohon birnin Kudus. A nan ne, a wani wuri da ake kira Tofet, sarakuna Ahaz da Manassa suka ƙona 'ya'yansu hadaya. Sarki Yosiya ya ƙazantar da wurin don kada a sake (2 Sarakuna 23:10), Irmiya kuma ya ce za a koma kiransa Kwarin Kisa (7:32). Da Ibrananci Ge-Hinnom ne, ya zama Gehenna a Girkanci, kuma masana harshe da dama suna ganin tushen Jahannama ke nan. Akwai labarin da masu wa'azi ke so, cewa kwarin jujin birni ne da wuta ba ta mutuwa a cikinsa. An fi danganta shi da sharhin wani malamin Yahudu, Dawud Kimhi, wajen 1200 Miladiyya, fiye da shekara dubu bayan Annabi Isa, kuma masu tonon kayan tarihi ba su tabbatar da shi ba. Gara a bar kafa hujja da shi.

Canjin ya zo ne bayan Babila ta rushe Kudus a 586 kafin Miladiyya, Farisa kuma ta karɓi mulki a 539. Majusawan Farisa sun yi imani da hisabi da wata gada da rai ke tsallakawa, mugu ya faɗa ƙasa. Wasu masana na ganin Yahudawa sun tasirantu da wannan, amma hujjar tana da rauni ta gefe ɗaya, domin yawancin littattafan Majusawa masu cikakken bayani sai wajen ƙarni na 9 Miladiyya aka rubuta su. Abin da ke a fili shi ne Ishaya 66:24 ya yi maganar tsutsar da ba ta mutuwa da wutar da ba a kashewa, Daniyel 12:2 kuma ya raba matattu gida biyu bayan tashi, wasu zuwa rai madawwami, wasu zuwa kunya madawwamiya. Littafin Anuhu, wanda cocin Habasha ke karantawa har yau, ya siffanta la'anannen kwarin da za a tara miyagu.

Sabon Alkawari ya gaji wannan, sai dai bayaninsa taƙaitacce ne. An ambaci Gehenna sau 12, guda 11 daga bakin Yesu, ɗaya a wasiƙar Yakubu. Manyan siffofin su ne wutar da ba a kashewa, da tsutsar da ba ta mutuwa, da matsanancin duhu, da kuka da cizon haƙora. Labari mafi kusa da ido shi ne na attajiri da Li'azaru a Luka 16, inda attajirin ke roƙon Ibrahim ya aiko miskinin ya tsoma yatsa a ruwa ya sanyaya masa harshe, aka ce akwai babban rami tsakaninsu. A lura, wannan a Hades ya faru, mazaunin matattu kafin ranar shari'a, 'yan'uwan attajirin biyar ma suna raye. Tafkin wuta da kibiritu na Wahayin Yahaya 20 shi ne makoma ta ƙarshe, har da mutuwa da Hades kansu za a jefa a ciki. Zanen da ake gani na Shaiɗan yana sarauta da mashi a hannu ba ya cikin nassin, domin a can shi ma jefa shi ake yi. Azabar kowane zunubi da irin tata, kamar rataye mai saɓo da harshensa, ta fito ne a rubuce-rubucen ƙarni na 2 da ba su shiga Littafi Mai Tsarki ba.

Alƙur'ani ya fi faɗaɗawa nesa ba kusa ba. Jahannama ta zo sau 77, ga kuma Jahimu, Sa'ira, Saƙara, Laza, Huɗama da Hawiya. Ƙofofinta bakwai (Hijri 44), masu tsaronta 19 (Muddassir 30), ana kiran shugabansu Maliku (Zukhruf 77). Makamashinta mutane ne da duwatsu. Itaciyar zaƙƙumu tana tsirowa daga gindinta, 'ya'yanta kamar kawunan shaiɗanu, tana tafasa a ciki, a bi ta da tafasasshen ruwa. Akwai sarƙa mai tsawon zira'i 70 (Haƙƙa 32), da fatar da ake canzawa duk lokacin da ta nuna (Nisa'i 56), munafukai kuma suna can ƙasan ƙasa (Nisa'i 145). Amma jera sunayen nan bakwai hawa-hawa, a ba kowane hawa mutanensa, aikin masu tafsiri ne, ayar ba ta jera su ba. Hadisi ya ƙara ma'auni: wutar duniya kashi ɗaya ce cikin 70, mafi sauƙin azaba garwashi ne a ƙarƙashin ƙafa da ke tafasa ƙwaƙwalwa, kuma an yi wa wutar izinin numfashi biyu, na tsananin zafi da na tsananin sanyi, wato zamharira. Daga irin waɗannan hadisai ne umarnin jinkirta azahar in rana ta tsananta ya fito, abin da ba sai an yi wa mutumin Daura dogon bayani ba a watan Afrilu.

Kuskuren da ya fi yawa a muhawara shi ne haɗa zango biyu. Musulunci ma ya raba barzahu da alƙiyama: mutanen Fir'auna ana gitta su ga wuta safe da yamma, sai ranar tashi a shigar da su mafi tsananin azaba (Gafir 46). Wanda ya kwatanta Hades da Jahannama ya kwatanta ɗakin jiran shari'a ne da kurkuku.

Sai batun dawwama, inda kowane gida ke da saɓaninsa. Malaman Yahudu a Mishna, tsohon littafinsu na dokokin addini, sun ce hukuncin miyagu a wuta wata 12 ne. A cikin malaman Kirista na farko, Orijen na Iskandariyya ya yi fatan kowa zai tsira a ƙarshe, Agustin (ya rasu 430) ya tsaya kan azaba ta har abada, ra'ayinsa ne kuma ya rinjaya. Katolika sun tabbatar da matsayin tsarkakewa na wucin gadi bayan mutuwa a taron shugabannin coci na Liyon a 1274, Furotesta suka ƙi shi, 'yan ɗarikar Adbentis kuma suna cewa mugu ƙarewa zai yi. A Musulunci, Khawarij da Mu'utazila sun dawwamar da mai babban zunubi in bai tuba ba. Ahlussunna suka ce a'a, kuma wannan ne ɗalibin makarantar zaure a Katsina ke tararwa tun a farkon Risala ta Ibn Abi Zaid Alƙairawani: wanda Allah ya azabtar da wuta cikin muminai zai fitar da shi saboda imaninsa, wasu kuma su fita da ceton Annabi (SAW). Game da kafirai, jumhur, wato mafi yawan malamai, sun tafi a kan dawwama. An danganta wa Ibn Taimiyya (ya rasu 1328) da almajirinsa Ibn Ƙayyim karkata zuwa ga cewa wutar za ta ƙare wata rana, bisa togaciyar "sai abin da Ubangijinka ya so" (Hudu 107) da lafazin Naba'i 23 da ya ce za su zauna a cikinta zamunna. Taƙiyyuddin Subki ya rubuta raddi a kan haka tun a zamaninsu, kuma fahimtar jumhur ɗin ce ake karantarwa a makarantun ilimi na ƙasar Hausa.