Mene ne kiristal ɗin fotonik, kuma me ya haɗa shi da sintileta?

Duk ɗalibin fiziks da ya karkata ga fannin nukiliya, ko a nan Kaduna yake ko a Zariya, inda Jami'ar Ahmadu Bello take da ƙaramin injin nukiliya na bincike tun 2004, zai ci karo da kalmar sintileta. Kwanan nan kuma an fara ambatonta tare da wata baƙuwar kalma, wato kiristal ɗin fotonik, kuma ina ganin ya kamata a warware ma'anarsu da Hausa.

Sintileta abu ne da yake yin walƙiya a duk lokacin da haskoki masu ƙarfi waɗanda ido ba ya gani, irin su gama da eksire, suka buge shi. Ana manna masa na'urar da ke ƙirga ƙwayoyin haske, sai ta mayar da walƙiyar zuwa saƙon lantarki. Tun 1948 Robert Hofstadter ya nuna ingancin sodiyam ayodaid mai ɗauke da taliyam wajen wannan aiki, yau kuma na'urorin ɗaukar hoton cikin jiki na PET da ake binciken ciwon daji da su sun fi dogara da wani dutse da ake kira LYSO.

Matsalar ita ce, yawancin hasken da aka haifa a cikin dutsen ba ya samun hanyar fita. Wanda ya taɓa nutso a Kogin Kaduna a lokacin rani, sa'ilin da ruwa ya kwanta, ya ɗaga kai, zai lura cewa sararin sama ya taru a wani ɗan da'ira a bisa kansa, sauran fuskar ruwan kuwa ta koma madubi. Dalili kuwa shi ne, hasken da ya tunkari iyakar ruwa da iska a karkace fiye da kimanin digiri 49 ba ya tsallakewa, komowa yake yi. A cikin sintileta abin ya fi muni, domin ma'aunin karya haske, wato yadda abu yake lanƙwasa hasken da ya ratsa shi, na LYSO ya kai 1.82, na wani dutsen sintileta mai suna BGO kuma 2.15, alhali na iska 1 ne kacal. Saboda haka ƙofar fita a LYSO ba ta wuce kimanin digiri 33 ba, kuma idan aka yi lissafi, hasken da zai fita kai tsaye ta fuska ɗaya bai kai kashi 10 cikin 100 ba. Ragowar yana ta kai da komo tsakanin bangayen dutsen, wani ya fita a makare, wani kuma dutsen ya shanye shi.

A nan ne kiristal ɗin fotonik yake shigowa. Sunan yana iya ruɗar mutum, domin ba wani dutse ba ne da ake haƙowa. Tsari ne na ƙananan ramuka ko ginshiƙai da aka jera a tazara iri ɗaya, wadda take daidai da tsawon zangon hasken kansa, wato 'yan ɗaruruwan nanomita (nanomita ɗaya shi ne kashi ɗaya cikin biliyan na mita). Eli Yablonovitch da Sajeev John ne suka kafa tushen fannin a 1987, kowanne da nasa aikin, amma Allah Ya riga Ya ajiye misalinsa a gashin ɗawisu, wanda ƙyallinsa daga tsarin gashin yake fitowa.

Idan aka shimfiɗa siririn irin wannan tsari, sau da yawa na silikon naitiraid ko titaniyam dayoksaid, a kan fuskar da haske ke fita, sai ya riƙa karkatar da hasken da ya zo a gicciye zuwa kusurwar da zai iya tsallakewa. Abin lura shi ne bai ƙara wa dutsen ko ƙwayar haske ɗaya ba, wanda ya maƙale kawai ya buɗe wa hanya. Masu bincike a cibiyar CERN da ke kusa da Janiba, ƙarƙashin Paul Lecoq, suna cikin waɗanda suka gwada wannan a kan LYSO, wanda yake fitar da shuɗin haske mai zangon kimanin nanomita 420.

Abin da ya sa nake ɗaukar lamarin da muhimmanci shi ne majinyaci. A na'urar PET ana kama haskokin gama guda biyu, kowanne mai ƙarfin kilo-elektronbolt 511, da suka fita ta fuskoki masu kishiyantar juna sakamakon sinadarin da aka yi wa majinyaci allurarsa, kuma gwargwadon yawan hasken da ya isa na'ura da wuri, gwargwadon daidaiton gano inda suka taso. Hoto ya fi fitowa sarai ke nan, ana kuma iya rage sinadarin da ake yi wa mara lafiya allurarsa.

Sai dai a karanta sakamakon gwaje-gwaje da natsuwa. Ribar tana fitowa da girma idan aka kwatanta da dutse tsirara da ke fuskantar iska, amma tana raguwa sosai idan aka kwatanta da wanda aka naɗe da farin abu mai mayar da haske, aka kuma shafa masa man haɗi tsakaninsa da na'ura, kamar yadda aka saba. Ga kuma tsadar ƙira: zana ramukan da tsinin elektron yana cin lokaci ko a kan fuskar da ba ta wuce 'yan milimita ba, alhali na'urar PET guda tana ɗauke da dubban duwatsu. Shi ya sa hankali ya koma kan buga tsarin da hatimi, a danna shi a kan dutse bayan dutse.