Mene ne kurosoba a kayan sautin mota?

Duk wanda ya taɓa kai motarsa wurin masu haɗa kayan sauti a kasuwar Alaba ko gefen Ladipo a Legas ya ji wannan kalma. Mai gyara zai kasa kunne kaɗan, ya girgiza kai, ya ce, "Alhaji, sifikunka lafiyarsu ƙalau, kurosoba ce ba a saita ba." Sau da yawa kuma gaskiya ya faɗa.

Kurosoba ita ce ke raba sauti gida-gida, ta tura wa kowace sifika irin wanda za ta iya ɗauka. Ana auna kaurin sauti da Hz, wato yawan girgizarsa a daƙiƙa ɗaya, kuma kunnen ɗan Adam yana ji daga kusan 20 zuwa 20,000. Rugugin babbar ganga yana can ƙasa, muryar mawaƙi ko mai wa'azi tana tsakiya, kacau-kacau kuwa yana can sama. Ba sifikar da ke iya fitar da duka ukun tsaf ita kaɗai. Shi ya sa ake da ufa, wannan babbar ta cikin but, da na ƙofa, da tuwita, 'yar mitsitsiyar da ake maƙalawa kusa da gilashin gaba. Aikin kurosoba kamar na ɗan kamasho ne a tasha: mai zuwa Agege ba ya shiga motar Obalende.

Iri biyu ne. Akwai ƙaramin akwatin roba da ke zuwa tare da sifiku masu tuwita daban, a ɓoye shi cikin ƙofa, shi ba a cika taɓa shi ba. Wanda ake magana a kansa shi ne na jikin amfilifaya, wato na'urar ƙara ƙarfin sauti, ko na cikin rediyon Pioneer ko Kenwood, inda za ka ga an rubuta HPF da LPF.

HPF tana tare sautin ƙasa, ta bar na sama ya wuce. Ita ake kunna wa sifikun ƙofa, a fara daga 80 Hz. In ba a kunna ba, sifikar inci shida da rabi za ta yi ta fama da bes, wato sautin ƙasa, da ya fi ƙarfinta, fatarta na shiga da fita kamar za ta tsinke, ƙofa na karkarwa, murya ta dagule. Mai sauraron tafsiri a cunkoson gadar Third Mainland shi ya fi gane wannan, don yana ƙara murya maganar malam sai ta koma gunguni. LPF kuma tana tare sautin sama, ta bar na ƙasa ya wuce; ta ufa ce, ita ma a wajen 80 Hz. Wasu yaran shago suna murɗa ta har 200 don but ya yi ta dukan ƙirji, mai mota ya ji kuɗinsa bai tafi banza ba. A ganina wannan ɓarna ce: sai ka ji muryar namiji tana fitowa daga bayan kujera. Tuwita kuwa galibi daga wajen 3,000 Hz take karɓa, in aka sakar mata na ƙasa da yawa ƙonewa take yi.

Wajen sayen sifika ko amfilifaya, duba lambar RMS, wato ainihin ƙarfin da na'urar ke aiki da shi a kai a kai, kada babbar lambar wat da aka buga a kwali ta ruɗe ka, musamman a kayan tokumbo. 

In an saita komai amma bes ya ƙi fitowa, a sa mai gyara ya duba wayoyi. Sifika ɗaya da aka juya mata jar waya da baƙa tana ja baya lokacin da 'yar'uwarta ke turawa gaba, sai su cinye bes ɗin juna.